Kaza Mai Ƙundu Uku

Abubuwa da yawa na manta a zamana na ƙasar nan, wasu ma da gangan na manta da su, amma ranar da aka tsinci ƙundu uku a cikin kaza ɗaya a falon gidana, wannan kam tana tare da ni har in koma ga Mahaliccina. Lokacin kaka ne irin na nan, ba kakar girbi ba, kakar da itatuwan Greenbelt, garin da muke zaune a nan Amurka, ke yin ja da rawaya kamar an ƙunsa musu lalle, daga baya su zubar da komai su tsaya fayau. Shekarar ta zo mana da nauyi. Ban tuna an yi dariya mai sauti a gidan ba tun farkonta. Kullum muna hanya tsakanin gida da asibiti, kullum waya na shigowa daga Najeriya ana tambayar jikin Baba, mu kuma muna cewa da sauƙi, don ita ce amsar da muka gada.

Baba shi ne mahaifin maigidana. Ciwon zuciya ya sa aka ɗauko shi daga gida, shi da bai taɓa son kwana a garin da ba nasa ba. Likitoci suka duba suka ce aiki za a yi, amma jikin ya yi rauni da yawa, sai ya ci abinci ya murmure kafin su sa rana. A mota muna dawowa maigida ya fassara masa, yana murna kamar wanda ya kawo albishir: "Baba, sun ce da zarar ka yi ƙarfi za a yi aikin." Baba ya dubi taga ya ce, "To, Allah ya kai mu." Daga wannan makon cin abincinsa ya fara ja da baya. Mu kuwa muka ɗora wa sanyi laifi.

Ba abin da ban dafa ba. Tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da ta zo a cikin akwatinsa. Miyar taushe da kabewar nan tasu da ke cika shaguna a wannan lokacin, wadda mutanen ƙasar ba ci suke ba, sassaƙa mata ido da baki suke su ajiye a ƙofar gida. Fate, dambu, kunun gyaɗa. Sai ya yi loma biyu ya ce, "Alhamdulillahi, Allah ya yi albarka," ya ture kwanon. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Sannan ya fara maganar da muke tsoro: a sayo masa tikiti, gara ya je ya kwanta a ɗakinsa. Mun san in ya koma ba a yi aikin nan ba, ba kwanciyar hutu zai je yi ba.

Ita kazar da zan ba ku labari ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Autata ce ta fara kawo mana ita tun tana sakandare, daga wani gidan abinci na 'yan China can wajen garin Gaithersburg. Girkin mutanen Kanton ne, in ji ta, wani yanki a kudancin ƙasarsu. Kaza ce sukutum, amma an zare mata ƙashi ta wuya kamar yadda ake tuɓe wa yaro riga, ba tare da fatar ta yage ba. Sai a cusa mata shinkafa mai danƙo da aka haɗa da busasshen jatan lande da yankakken nama da laimar kwaɗi, a ɗinke, a rataye ta ta sha iska, a soya har fatar ta yi ja tana ƙaras-ƙaras. In ka gan ta kwance a faranti sai ka rantse ba abin da ya same ta, ga fikafikai ga cinyoyi, alhali cikin duk an canja mata shi. Na sha kallonta in ce a raina, da yawanmu haka muke a ƙasar nan.

Ranar farko ban ci ba. Na ce sai na san wa ya yanka, kuma da me aka cusa. Auta ta kai ni har wurin. Mai gidan abincin mace ce, da kallabinta, ita ta fara yi min sallama. Ta shigar da ni kicin na tsaya na ga yadda mijinta ke zare ƙashin, ta kuma gaya min cewa a asalin girkin naman alade ake sawa, ita na sa take sawa. Daga nan na saki jiki. Kazar ta zama ta ranar sallah, da ranar da wani ya ci jarrabawa, da ranar da ni ma bayana ya ce ya gaji. Sharaɗinta ɗaya: ba a samunta nan take, sai an yi oda yau a karɓa gobe. Ni da ban shiga aji ba sai da na haifi biyu, a makarantar yaƙi da jahilci, sai ga ni ina buga waya ina odar abincin Kanton da Turancin da bai fi cikin cokali ba. Har matar ta gane muryata. Da na yi sallama sai ta ƙarasa min: guda ɗaya, kar a daddatsa.

Da Baba ya zo, maigida ya kafa doka: kazar nan ba ta ƙara shigowa gidan. Baba bai taɓa cin abincin sayarwa ba a rayuwarsa, kuma yana alfahari da hakan fiye da yadda yake alfahari da zuwansa hajji. A wurinsa gidan da ke da mace a ciki aka kawo abinci daga kasuwa, to an tona wa gidan asiri. Balle a ba baƙo, balle uba.

Wata Asabar auta ta zo hutun mako daga jami'a. Ita dokokin gidan kamar waƙar rediyo take jinsu, tana ji tana aikinta. Ta shigo da kwalin kazarta, ta ce ta gaji da ganin tuwo yana komawa kicin yadda ya fito. Kazar ta huce a hanya, na sa mata ita a oben don fatar ta dawo. Ƙamshi ya cika gidan. Can sai muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Baba, wanda sai an yi da gaske yake fitowa falo, ga shi tsaye.

"Me ake soyawa a gidan nan ba a sanar da ni ba?"

Auta ta ce da Hausarta mai tafiya da ƙafa ɗaya, "Kazana ne, tsoho. Ba na masu babu haƙori ba."

"Ke amarya, mijinki na kwance da yunwa kina cin kaza a ɓoye? Da ma an gaya min auren Ba'amurkiya sai haƙuri. Kawo nan in gani."

Ta kai masa a tire. Ya zauna, ya karɓi wuƙa, don a gidanmu in babba na wuri shi ke raba kaza. Ya danna wuƙar a tsakiyar ƙirji yana jiran ta ci karo da ƙashi, sai ta wuce sumul har ta taɓa farantin. Ya tsaya. Ya leƙa ciki. Ya juya ta ya duba fatar ko zai ga inda aka farke.

"Ikon Allah. Ina ƙashin? Wa ya yi wannan aiki?"

Ina kicin riƙe da ludayi na ji muryar maigida, mutum mai furfura, injiniyan da ake tura wa matasa su koyi aiki a ƙarƙashinsa, tana rawa kamar ta ɗan firamare: "Hajiya ce, Baba. Tun asuba take fama."

Abin da na yi fama da shi tun asuba a ranar, wankin labule ne.

Baba ya jawo farantin gabansa. Sannan ya yi bisimilla ya fara ci. Ya ci yanka ɗaya, ya ci na biyu. Muna leƙe kamar masu kallon jinjiri na koyon tafiya. Ya ɗago wani baƙin abu daga cikin shinkafar ya ce wannan fa? Laimar kwaɗi ce, abin da da ya sani ko da sanda ba zai taɓa ba. Maigida ya ce, "Naman kaza ne, Baba." To ai haka wasu ke kiranta. A duk wannan lamarin, ita ce gaskiya ɗaya da na ji ta fito daga bakinsa.

Da ya kusa ƙoshi sai ya tona nan ya tona can, ya ce, "Ina ƙundun?"

Kowa ya san kazar da ta zo gaban dattijo ba ƙundu, ko dai an raina shi, ko mai girkin ta yi masa ɗanɗanon da ya wuce gona. Maigida ya ce, "Yana zuwa, Baba, daban ta soya shi." Allah ya taimake ni ina da su a firji. A ƙasar nan kaza daban ake sayarwa, ƙundu daban, a tara na kaji barkatai a fakiti ɗaya kamar marayu. Na soya guda a gurguje na aika. Ya ci, ya sha ruwa, ya ce a gaya min Allah ya yi albarka. Wannan karon bai ture kwano ba, don ba abin turewa.

Da muka keɓe na ce wa maigida, "Ka ga, ni ban ce na yi ba, kuma ba zan ce ba. Ranar da ya tambaye ni, zan gaya masa."

Ya ce, "Hajiya, ba zai tambaye ki ba. Kunyarki yake ji. Ke dai ki yi shiru, ai kin iya."

Gaskiyarsa ta nan. Shekara da shekaru ina gidan ɗansa, tsakanina da Baba gaisuwa ce daga durƙushe, ina kwana, ina gajiya, Allah ya yi albarka. In zai ce a ƙaro ruwa ma, sai ya gaya wa bango, bango ya gaya min.

Haka muka buɗe sabuwar sana'a. Ni ke buga waya. Maigida ke ɗaukowa in ya taso aiki, ya shiga gosulon babban titin Beltway da kaza a kujerar gaba, ya ɗaure kwalin da bel kamar fasinja. In ya iso sai ya tsaya a mota ya juye ta a tukunyata, ya jefa kwalin a juji tun a waje, ya hau bene yana waige-waige. Ni kuma in sa a oben, in tura mata ƙundu guda ta bakin ɗinkin, yadda ɗan gefensa zai leƙo. Na soya su da yawa na ajiye a roba cikin firji don kar a sake ritsa ni. Har cewa ya yi in riƙa ɗan buga tukwane da safe saboda Baba ya ji motsi. Wannan kam na ce masa tukwanena ba su saba ƙarya ba.

Baba kuwa ya shiga yabo. Duk wanda ya bugo daga gida sai ya ba shi labarin surukarsa da ke zare wa kaza ƙashi ba tare da kazar ta sani ba. Matan dangi suka fara kirana in koya musu. In ce musu abin sai an gani da ido, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, yabon nan ya fi zagi yi min ciwo. Na ƙarar da ƙuruciyata a gaban murhu, na tuƙa tuwon da ya isa cika ɗaki, ba wanda ya taɓa buga waya ƙetare saboda shi. Sai ga shi na yi suna a dangi da girkin wani bawan Allah ɗan China da ko sunana bai sani ba.

Wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi, ba mu lura ba. In na durƙusa gaishe shi sai in ga yana kallon hannuwana. Ya ce wa bango, "A riƙa hutawa. Ba dole sai an yi ta kullum ba." In na gaya wa maigida sai ya ce, "Kin ji ko? Kara ce kawai, so yake a ƙara." Sai ya ce in sake buga waya.

Dabara dai ta ci. Kumatun Baba suka ciko, ya fara zagaya harabar gidajenmu da sandarsa yana taka busassun ganye. Ranar da muka koma asibiti likita ya duba shi ya yi murmushi, ya sa ranar aiki. Maigida har da rungume likitan. Baba kuwa ko "to" ɗin ma bai faɗa ba.

Aka ce a yi walima washegari da yamma, auta ma ta zo. Da me za a yi walima in ba da gwanar kaza ba? Maigida ya shigo da ita dab da magariba. Na tura ƙunduna kamar kullum, sai dai ranar shinkafar ta yi laushi, ya shige can ciki bai leƙo ba. Na rufe oben na tafi alwala. Abin da ya biyo baya, daga baya na haɗa shi. Auta ta leƙa ta ga ba ƙundu, ta ce yau Umma ta manta, ta ɗauko guda ta ɗumama shi a na'urar ɗumama abinci har ya yi tauri kamar roba, ta danna shi ciki da ƙarfinta har shi ma ya ɓace. Ta fita. Maigida, wanda in ka aike shi kicin ɗauko gishiri sai ya tambayi hanya, ranar tsoron ubansa ya kai shi har gaban oben bayan na kashe wuta. Ya leƙa, bai ga komai ba. Ya buɗe firji ya ɗauko guda, yadda yake da sanyinsa, ya cusa ta wuya. Kowa ya tafi salla da zuciyar cewa shi ne ya ceci gidan.

Aka shimfiɗa leda a falo. Su uku suka zauna, ni ina daga bakin ƙofar kicin inda na saba tsayawa. Baba ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Yanka na farko, ƙundu ya faɗo. Ya ɗauke shi ya ajiye a gefen faranti. Ya sake yankawa, wuƙar ta ci karo da wani abu. Ya sa yatsa ya zaro. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ajiye kusa da na farko. Daga nan bai ƙara yanka don rabo ba, bincike ya koma yi. Can wajen wuya ya tono na uku. Ya jera su, ya taɓa kowanne da bayan yatsa.

"Injiniya."

Ba ya kiran ɗansa haka sai in zai yi masa wankin babban bargo.

"Na'am, Baba."

"Kai ka yi karatu har ƙasar Turawa. Kaza ƙundu nawa gare ta?"

Maigida ya gyara zama. Ni dai na sunkuyar da kai, don na san ba zai tsaya ba. "Ai Baba kajin nan ba irin namu ba ne. Abincin da ake ba su akwai sinadarai a ciki. Wani lokaci sukan zo da ƙari."

"Su zo da ƙarin ƙundu."

"E, Baba."

"Ɗaya da zafi, ɗaya da ɗumi, ɗaya kamar an tono shi daga ƙanƙara. A ciki guda."

Auta ta kifa fuska a matashin kujera, kafaɗunta na rawa. Baba bai kula ta ba. Ya juyo, kuma karo na farko tun da aka kawo ni gidansu, ya dube ni ido cikin ido.

"'Yar nan, matso."

Na matso na durƙusa.

"Ke kika fige kazar nan?"

"A'a, Baba."

"Ke kika zare ƙashin?"

"A'a, Baba. Sayowa ake. Tun ta farkon ma sayowa aka yi. Wasu Musulmi ne 'yan China ke yi, na je na ga yankansu da idona."

"To ke me kika dafa a ciki?"

"Ƙundun, Baba."

Maigida ya zama kamar an zare masa nasa ƙashin. Ina jiran faɗa, ina jiran a ce an ci amanarsa an ciyar da shi abincin kasuwa. Sai na ji ya ja wani dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe wahalar banza na sha."

Ba wanda ya gane. Ya nuna kazar da wuƙa. "Wannan abin, shinkafarsa manne min take a haƙoran roba, sai na shiga banɗaki na cire na kankare. Ga wani zaƙi-zaƙi kamar an zuba sukari a miya. Amma in na tuna 'yar mutane na zaune tun asuba tana zare ƙashi ɗaya bayan ɗaya saboda ni, sai in ce in na bar loma guda Allah zai tambaye ni. Na ce a huta, na ce ba sai kullum ba. Ina faɗa ana ƙarowa."

Maigida ya ce a hankali, "To Baba, tuwon fa? Me ya hana ka cin tuwon?"

Baba ya ajiye wuƙar. "Kai da bakinka ka gaya min da na yi ƙarfi za su tsaga min ƙirji. Na ce to, bari in ga ta inda ƙarfin zai biyo ya same ni. Na yi dabarata ina zaune lafiya, kuka taru kuka cusa min shinkafa kamar yadda aka cusa wa wannan baiwar Allah. Ita ma ta fi ni gata. Sai da aka yanka ta aka cusa. Ni sai da aka cusa za a yanka."

Auta ta ɗago kai, dariyar ta ɗauke. A lokacin na gane. Mutumin da duk dangi ke tsoro, ashe tun a motar nan tsoro ke cinsa shi kaɗai.

Ya ture tiren. "Yanzu tunda ba haƙƙin kowa a kaina, na gama. A sayo min tikiti."

Maigida ya shiga roƙo. Ya kawo ƙwarewar likitoci, ya kawo na'urori, ya kawo wane da wane da aka yi wa suka tashi. Yana magana hawaye na zuba. Baba na jan carbi kamar ruwan sama ake yi a wani gari. Ni kuwa ina durƙushe, ban saba magana a gabansa ba, amma na ga in na yi shirun da na iya, tikitin nan za a saya.

Na ce, "Baba, in ce wani abu?"

"Faɗi."

"Na ga yadda suke zare ƙashin, na tsaya a kansu na gani. Gobe da asuba zan sayo kaza in zauna in yi da hannuna. Ban iya ba. Zan yanke yatsu, zan ɓata kaji da yawa kafin ɗaya ta yi. In na kawo maka, in ka ga dama ka bar ta."

Carbin ya tsaya. Ya daɗe yana kallona.

"Ke 'yar nan, ashe muguwa ce ke? Shekara da shekaru ina gaya wa mutane ɗana ya auri saliha."

Auta ta ce, "Ka gani ko, tsoho? Mu mun daɗe da sani."

"Ke rufe min baki, na sake ki." Ya juyo gare ni, bakinsa na son yin murmushi yana hana shi. "Kar ki kuskura ki taɓa mata ƙashi. Kaza nake so ta Allah da Annabi. Tsohuwa, mai tauri, da kanta da ƙafafunta, ko ban tauna ba in tsotsa. Da tuwo. Ƙundu kuma ɗaya, wanda aka halicce ta da shi."

Maigida ya yi caraf ya ce, "Aikin fa, Baba?"

"Kai yi min shiru, da surukata nake magana." Ya yi ƙasa da murya. "Ranar da za su shiga da ni, kina wurin?"

"Ina bakin ƙofa, Baba. Ba zan motsa ba sai an fito da kai."

"In abin ya ɓaci, ke za ki gaya min gaskiya, ba wannan mai sinadaran ba."

"In sha Allahu ba zai ɓaci ba. Amma ni zan gaya maka."

Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin daban yake da na cikin mota, har ni na ji bambancin. Sannan ya dubi ƙundunan nan uku ya ce wanne ne nawa. Na nuna mai zafin. Ya ɗauka ya ci. Ya miƙa wa auta mai taurin ya ce sadakinta ne, ya mayar da ita ɗakinta. Mai sanyin kuma ya tura gaban ɗansa ya ce, "Injiniya, ci abinka." Maigida ya cinye shi tas, da sanyinsa da komai.

An yi aikin, ya tashi, ya koma gida da ƙafarsa, ya ƙara shekaru masu albarka kafin Allah ya karɓi abinsa a ɗakin nan nasa da yake so. Har ya rasu, in ya bugo waya ni yake fara nema. Mu kuma har yau muna odar kazar ranar sallah, kuma ba a taɓa kawo ta auta ba ta tambayi ubanta ƙundu nawa za a sa ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Mun yi ta tambayar tsohon nan me zai ci, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi me yake tsoro. Da kunya aka raine ni, kuma har gobe ina ganin kyanta, amma ranar na gane tana iya zaunar da mutum huɗu a gaban faranti ɗaya, kowa na yaudarar kowa, kuma duk saboda ƙauna. Tun daga nan, in babba ya ce min "ba sai kullum ba", ba na cewa kara ce. Zama nake in ji sauran maganar.

Washegarin walimar nan da sassafe na tashi maigida ya kai ni wata gona a bayan gari inda ake sayar da kaji da ransu. Na wuce duk masu ƙibar, na zaɓi wata tsohuwa da ta daina ƙwai, mai kallon mutane a karkace. Maigida ya fuskanci alƙibla ya yanka. Da muka dawo na fige ta da kaina, na babbake ƙafafun, na farke cikin. Na sa hannu na laluba, na fitar, na sake mayarwa na laluba don in tabbatar. Ɗaya ne.